Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumarmu: Kafin A Tashi Masu Sana'ar Ƙofar Asibiti

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na majalisa. Ina kuma miƙa gaisuwar ban girma ga Hakimi, Allah ya ja zamaninsa, da likitan da ke riƙe da babban asibitinmu, don na san maganar nan za ta isa kunnensu.

Ni tsohon malamin firamare ne a nan Jihar Jigawa. Na ajiye alli, yanzu sai ɗan noman gero da riɗi. Na rubuto ne da yawun mutane iri biyu da ba su saba rubuta wasiƙa ba: masu jinya da ke zuwa daga ƙauyuka su shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar asibiti, da masu ƙananan sana'o'in da ke bakin ƙofarsa. Bayan sallar Juma'ar da ta wuce wasu daga cikinsu suka tare ni suka ce, "Malam, kai ne mai biro, ka faɗa masa." Na ce zan faɗa, amma da sharaɗin har laifinsu ba zan ɓoye ba. Suka ce sun yarda.

Abin da ya tayar da hankalinsu ita ce takardar da aka manna a katangar asibiti, wadda ta ba duk mai tebur ko rumfa ko baro ko tire kwana 7 ya kwashe kayansa, in ya ƙi a kwashe masa. Takardar ba ta ce ga inda za su koma ba. Da Turanci ma aka rubuta ta. Wata mai ƙosai sai da jikanta ya dawo daga makaranta ya karanta mata, sannan ta san da ita ake.

Bari in fara da inda kake da gaskiya. Ƙofar asibitin nan ta toshe, kuma duk wanda ya musa bai taɓa zuwa ranar kasuwa ba. A daminar bara muka kawo matar ƙanena tana naƙuda, jini ya ɓalle mata tun a hanya. Direban ya yi iya yinsa a kan burji da taɓo, amma muna shan kwanar asibiti mota ta tsaya cak. Ga baron lemo da kankana a dama, ga mai rake ya jingina daminsa a jikin ƙyaure, ga 'yan acaɓa sun yi sahu biyu suna jiran fasinja, wani kuma ya ajiye adaidaita a tsakiya ya tafi cin abinci da makulli a aljihu. Direba na ta danna hon, mai gadi na ta ɗaga sanda. Daga ƙarshe a tabarma muka ɗauke ta, mu huɗu, kowa ya kama kusurwa, muka ratsa tsakanin tebura mayafinta na jan ƙasa. Allah ya yi da sauran kwana, ta tashi, ita da jaririn. Har yau ina ganin fuskar mai lemon nan, ya daskare da wuƙa a hannu, ya rasa gaba zai tura baron ko baya. Ba mugu ba ne. Tun da ya fara tsayawa a wurin ba a taɓa samun wanda ya nuna masa iyakarsa ba.

Wanda kuma ciwonsa ya fi ƙarfin nan, aka ce a wuce da shi asibitin tarayya na Birnin Kudu, ko Rasheed Shekoni a Dutse, ko Asibitin Malam Aminu Kano, ta wannan ƙofar motar za ta fita. Duk mun tuna daren watan Oktoban 2024 da tankar mai ta kama da wuta a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, aka rasa rayuka sama da 150, aka kwana ana jigilar waɗanda suka ƙone zuwa asibitocin Ringim da Haɗejiya da sauransu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Irin wannan rana ba ta aiko ɗan saƙo. In ta faɗo a kanmu, Allah ya kiyaye, motoci goma ne za su zo a tare, su tarar da ƙofar da mota ɗaya ma ba ta iya wucewa. Saboda haka a kan buɗe ƙofa babu gardama tsakaninmu.

Inda muka rabu shi ne a ce kowa ya tashi, a haɗa mai koko da mai ƙwaya a kora da sanda ɗaya.

Ranka ya daɗe, asibitinmu ba ya dafa wa kowa abinci. Gado yake bayarwa da likita da ma'aikatan jinya, sauran kuma na mai jinya ne. Shekara biyu da suka wuce na yi kwana 11 a wurin ina jinyar yayana, Allah ya gafarta masa. Daga garinmu zuwa asibiti, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin acaɓa zuwa da dawowa ya fi kuɗin tuwon da za a kawo, don haka maganar a aiko da abinci daga gida kullum ba ta ma taso ba. Wani dare wajen ƙarfe uku ma'aikaciyar jinya ta ce kada a ba shi maganinsa sai ya sa wani abu a ciki. Na fito, gari tsit, babu haske ko'ina sai 'yar fitilar mai shayi. Ya haɗa mini, ya cika mini filas da ruwan zafi bai karɓi ko kwabo a kan ruwan ba. Da kuɗina suka yanke a kwana na bakwai, a bayan kwalin madara yake rubuta bashina, bai taɓa ɗaga ido ya dube ni a gaban mutane ba. Ita kuwa mai koko, wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, in ka miƙa kofi sai ta tambaya, "Na mara lafiya ne ko na mai jinya?" In ka ce na mara lafiya, sai ta buɗe wata 'yar kula daban ta zuba maka mai ruwa-ruwa, babu yaji, babu tsami sosai. Ba likitan da ya koya mata wannan. Zaman wurin ne ya koya mata.

Su ne ke sayar da ruwan zafin da ake gasa wa mai jego jiki da asuba. Su ne masu sabulu da omo da bokiti da leda. Wurin mai POS na bakin ƙofa ɗanka da ke Legas ko Fatakwal zai turo kuɗin ƙarin jini ka cira nan take, wurin mai caji kuma wayarka za ta tashi ka sanar da dangi halin da ake ciki. Kicin ɗin asibitin ke nan da kantinsa da bankinsa, sai dai ba gwamnati ce ta gina ba.

To in aka tashe su, me zai biyo baya? Mai jinya zai taka har cikin kasuwa neman koko ya bar mara lafiya shi kaɗai, alhali a asibitocinmu mai jinya rabin ma'aikaci ne. Shi ke zuba ido a kan ledar ƙarin ruwa ya ruga ya kira in ta kusa ƙarewa, shi ke juya wanda ba ya iya juyawa, shi ke fitar da fo. Matan da ba su san garin ba kuwa, su da ko sunan unguwa ɗaya ba su riƙe ba, sai dai su haƙura su kwana da yunwa. Wasu za su shigo da kurfoti da gawayi su hura a bayan ɗakin kwanciya, hayaƙi na shiga wa masu tari ta taga, wuta na ci kusa da tukunyar iskar numfashi. Masu sana'ar ma ba ɓacewa za su yi ba. Kula za ta koma ƙarƙashin hijabi, a miƙa wa wani na goro a shige da ita har gefen gado, inda babu idon da zai duba abin da ke ciki. Mun taɓa gani. An yi irin wannan kora a baya, aka farfasa tebura, aka zubar wa mata da man suya a ƙasa. Ba a rufa mako uku ba kowa ya dawo, har da sababbi, kuma ƙofar ta fi da cushewa. Garin gyaran gira aka tsone ido.

Akwai dai waɗanda ba zan roƙa musu komai ba, su ne masu tallar magani. Ka tsaya ka ga inda suke tsayawa: daidai inda mutum zai fito da takardar likita a hannu, an ce masa babu a kantin maganin asibiti, ko kuma kuɗinsa bai kai ba. Sai ka ji, "Baba, kawo in gani." Ya karɓi takardar ya jujjuya, na rantse na ga wanda ya riƙe ta a kife, ya ƙirgo ja-da-yalo huɗu da farare uku ya ƙulle a leda, ya ce a sha safe da yamma. Dattijo ya yi godiya ya koma ciki yana murna ya samu sauƙi. Likita kuma gobe ya zo zagaye ya ga ciwo bai motsa ba, ya rasa dalili, don shi a saninsa abin da ya rubuta ake sha.

Yawancin kwalayen magani an rubuta a jikinsu kada a ajiye su inda zafi ya wuce digiri 30. Mu kuwa a watan Afrilu zafinmu yana haura 40 a inuwa, balle a cikin baron ƙarfe da ke shan rana tun hantsi har la'asar. Ko na gaske ne ya tashi daga aiki, ina ga jabu da wanda wa'adinsa ya wuce aka kankare kwanan watan. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma in aka sha shi guntu-guntu, cutar sabawa take yi da shi, ranar da aka zo da na gasken ya ƙi ci. Da magariba kuwa kasuwar wasu daga cikinsu canja fuska take, samari su fara zagayowa, ba kuma jinya suka zo ba. Tiramol ake nema. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi wa 'ya'yanmu, amma ga ƙannensa ana miƙawa a jikin katangar asibiti. Doka ba ta san mai yawo da magani a ka ko a baro ba. Ko mai kemis na kirki sai da lasisin hukumar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa, PCN, yake buɗe shago, NAFDAC kuma ita ke da alhakin ingancin abin da ke kan kantarsa. Ina haɗawa da masu maganin gargajiyar da ke kafa mota da lasifika suna zuba batsa da sunan tallar maganin basir da sanyi, a wurin da uwa da ɗanta ke zaune tabarma ɗaya, ga masu hawan jini da aka ce su samu barci.

Sai maganar tsafta, kuma a nan na ce wa mutanena ba zan rufa musu asiri ba. Akwai mai abincin da ruwan wanke kwanonta guda ne tun safe har azahar, ya koma kamar kunu. Akwai mai tsiren da ƙuda ya fi ƙuli yawa a kan namansa. Akwai masu ƙulla zoɓo da lemo da ruwan da su kansu ba su tambayi ɗan garuwa inda ya ɗebo ba. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, Jigawa da Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A shekarar ce kuma aka yi ta kwantar da mutane a Kano suna fitsarin jini bayan sun sha lemon da aka haɗa da gurɓataccen ɗan tsami, har aka rasa rayuka. Mai lafiya ma yaya ya ƙare, balle wanda ke kwance jikinsa ya riga ya yi laushi.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A duk tsawon katangar nan babu famfo ko ɗaya. Babu banɗaki, sai bayan katanga. Kwatar da ta bi ta gaban masu abinci rabonta da yasa an manta, kuma jujin da ake zubar da shara, wani lokaci har da auduga da sirinji, taku kaɗan ne daga inda ake suyar awara. Da me mace za ta wanke hannu in babu ruwa? Muna yara, in aka ce ga duba-gari nan, iyayenmu mata har randa suke ƙalƙalewa, don sun san zai leƙa. Yau akwai ma'aikatan duba-gari a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, amma masu sana'ar nan sun ce ba su san fuskar ko ɗaya ba.

Fuskar da suka sani ita ce ta masu karɓar kuɗi. Wannan ya zo ya ce kuɗin tebur, wancan ya ce kuɗin shara, wani ya ce na 'yan sintiri. Wani ya yanko rasit, wani ya ce littafin ya ƙare. Mai shayin da na ambata ya buɗe mini wata tsohuwar gwangwanin madara cike da 'yan takardun rasit, wasu sun koɗe, ya ce, "Malam, in zaman nawa haram ne, wannan kuɗin mene ne?" Ban sami amsar ba shi ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kafa kasuwanni da tashoshin mota da banɗakunan jama'a da kula da su, haka kuma tsara shaguna da tireda da wuraren sayar da abinci. Wato ikon karɓar harajin da nauyin gyara wurin a takarda ɗaya suka zo. An shekara da shekaru ana ɗaukar na farko ana tsallake na biyu. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 ake ta maganar 'yancin ƙananan hukumomi a rediyo. Mu mutanen ƙauye a irin wannan wurin za mu gane shi, a famfo da rumfa.

Abu na ƙarshe da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wataƙila don na yi koyarwa, shi ne 'yan mata ƙanana masu talla. Lokacin da ya kamata suna aji suna zagaya ɗakunan marasa lafiya da tiren gyaɗa da dafaffen ƙwai, suna shaƙar abin da babba ma ake ce masa ya rufe hanci. Wasu har bayan isha suna nan, a wurin da baƙi ke kwana.

Ga abin da muke roƙo, ranka ya daɗe.

A dakatar da wa'adin nan, a kira zama. A sa Hakimi da dagaci da kansilan mazaɓar da likita da duba-gari, da wakilan masu sana'a waɗanda su suka zaɓa da kansu. A tabbatar akwai mata a ciki, don su ne mafi yawa a wurin kuma su ne ba a tambaya. Abin da aka yanke a faɗe shi da Hausa, a masallatai da bakin mai shela.

Buɗe ƙofa kuwa kada ya jira zaman. Gobe ma a iya kafa turaku ko a shafa fenti dama da hagu, a ce daga nan zuwa nan ba tebur, ba baro, ba babur, dare da rana. 'Yan acaɓa da masu adaidaita a ba su gefe guda su yi layi, shugabanninsu su riƙe musu tsari. Masu sana'a sun ce in aka ja layin su da kansu za su tsare shi.

Sannan a ba su wuri kafin a ce su tashi. Ko a Kano, da aka tashi raba 'yan kasuwar magani da Sabon Gari a 2024, duk da rigimar da ta kai har kotu, sai da aka tanadi kasuwar Dangwauro a kan titin Zariya tukuna. Mu ba gini muke nema ba. Akwai filin ƙaramar hukuma a jikin katangar yamma, inda wata tsohuwar tarakta ta shekara tana ruɓewa. A share shi, a kafa rumfunan kwano, a ja famfo ko a haƙa burtsatse mai sola, a yi banɗaki biyu na maza da na mata, a ajiye mazubin shara da za a riƙa kwashewa. Rabon rumfa kuma a fara da waɗanda ke wurin yanzu. A rubuta sunayensu a bainar jama'a tun kafin a sa harsashi, don mun san halinmu: rana ɗaya za a wayi gari rumfunan sun zama na 'yan gaban goshi, su kuma su ba mai koko haya.

Masu tallar magani da masu lasifika a raba su da wurin gaba ɗaya, a kuma rubuta wa PCN da NAFDAC su riƙa leƙowa. Sai dai a haɗa da roƙon hukumar asibiti ta bar kantin maganinta a buɗe da dare, da magungunan da aka fi rubutawa a ciki. Muddin mutum zai fito da takarda a hannu ya rasa inda zai nufa, mai baro zai dawo.

Haraji ya zama ɗaya, rasit ɗaya mai hatimi, a rubuta adadin a allo a kafe a wurin. Duba-gari su riƙa zuwa, su fara da koyarwa: a rufe abinci, a canja ruwan wanki, a ajiye buta da sabulu. Wanda aka yi wa gargaɗi ya ƙi ji a karɓe rumfarsa a ba wani. Amma kada a sake turo matasa da gora su kifar wa mace da kaskon suya, jarinta ke nan gaba ɗaya, wataƙila ma na adashi ne. Yara kuma a hana su shiga ɗakunan marasa lafiya da talla, bayan magariba kada a ga ko ɗaya a wurin, a kuma sa masu unguwanni su yi magana da iyayensu.

Wa'adin takardar ranar Alhamis zai cika. Kafin nan ina roƙonka ka zo wurin da kanka bayan sallar asuba, ba jiniya, ba 'yan rakiya. Ka tsaya gefen mai shayi ka ga masu jinya na fitowa da filas da kofuna, sannan ka dawo da hantsi ranar kasuwa ka gwada shigar da motarka ta ƙofar. In ka sa rana, ni da wakilan masu sana'a za mu jira ka a gindin darbejiya, da gwangwanin rasit ɗin nan a hannu.

Allah ya taimake ka, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
a madadin masu jinya da masu sana'ar ƙofar asibiti.